Turke a Bakin Rijiya

Litinin, 3 ga Maris

Kotu ta tura mu mu raba gonar gado tsakanin wa da ƙane. Rijiya ce a tsakiya, kowa ya ce tasa ce. Na kafa na'urar awon fili a kan tudu, Yaya Dogo ya saɓa sandar madubi ya gangara. Yayan matata ne, amma a wurin aiki ni ne oga, kullum sai ya tsokane ni: "Ka ɗauke min ƙanwa, ka kuma shanya ni a rana." Aikinsa ya tsaya cik da sanda a miƙe, na'ura ta harba haske, madubi ya mayar, nisa ya fito. Ba mu kai ko'ina ba ƙanen ya iso da gatari a kafaɗa. Wai duk wanda ya kafa turke kusa da rijiyar nan, a nan za a binne shi. Muka tattara.

Laraba, 5 ga Maris

Dole sai na rubuta.

Mun koma ba 'yan sanda. Ni na ce ba sai da su ba, ƙanen baki ne kawai da shi. Yaya Dogo yana bakin rijiya, ina ganinsa ta idon na'ura kamar in miƙa hannu in taɓa gemunsa. Ta oba-oba, rediyon hannu, na ce, "Yaya, ɗan karkato dama." Ya ce, "An gama, ranka ya daɗe," yana dariya. Sai na ga mutum a bayansa. Ƙanen ne. Saran farko madubin ya samu, ya tarwatse. Yaya ya ɗaga hannu ya kare kansa, na biyun ya sauka a nan. Ba na jin komai, ko tari. Baki buɗe kawai nake gani, da jini yana tsartuwa a rigar aikinsa. Ya faɗi, mutumin ya bi shi da ƙafa, a fuska, a haƙarƙari.

Ban san daɗewar da na yi ido manne da na'urar ba. Da na ɗago sai na ga sun koma ƙanana kamar tururuwa, a lokacin na tuna akwai nisa a tsakaninmu. Na zura da gudu, na faɗi a cikin kunyoyi, na tashi. Kafin in isa ƙanen ya shige dawa. Na ɗaure hannun da bel ɗina. Yaya ya buɗe ido ya ce, "Madubin ofis ne fa."

Alhamis, 6 ga Maris

An yanke hannun.

Asabar, 8 ga Maris

Uwar yara tana wanke rigar yayanta, ruwan ya yi ja har sau nawa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai kana ina?" Na ce ina kan na'ura. Ta ce, "Kana kallo ke nan." Ta ci gaba da cuɗa.

Lahadi, 16 ga Maris

An kama ƙanen, amma an ba shi beli. Na gan shi a bakin kasuwa yana zaɓen igiyar guga, da hannuwansa biyu. Ina cikin mota, gudumar kafa turaku a kan cinyata. Ban san lokacin da na ɗauko ta ba. Na zaɓi wurin ma, nan bayan kunne. Ya wuce. Na daki sitiyari har fatar yatsuna ta saɓule.

Talata, 25 ga Maris

Mun koma da 'yan sanda da sabon madubi, wani abokin aiki ya riƙe sanda. Na harba haske, lamba ta fito. Rijiyar tana cikin rabon ƙanen. Tun farko tasa ce, da ya bari mun gama ranar nan da ya ji da kunnensa. Na sake aunawa, haka dai. Yana tsaye tsakanin 'yan sanda biyu, ina ganin ƙwayar idonsa ta na'ura.

Na ɗauki oba-oba na ce, "Matsa hagu. Ƙara. Ƙara kaɗan. Nan." Aka buga turke. Rijiya ta faɗa rabon wan. Ƙanen ya zube a ƙasa yana ihu, wannan karon har kan tudu na ji shi.

Ko an tambaya, akwai iska yau, sanda tana iya karkata, duk mai wannan sana'a ya sani. Na dawo na ci abinci sosai, har na nemi ƙari.