Ƙorafin Mappiasse Daeng Sikki a kan Tashar Kilau Tujuh

Mappiasse Daeng Sikki,
Tsohon Shugaban Makarantar Firamare,
Unguwar Masunta, Tsibirin Lamboa Ƙarami,
Gundumar Lamboa.

26 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Hukumar Sa Ido kan Kafafen Watsa Labarai ta Lardi,
Ofishin Hukuma, Babban Birnin Lardi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAƁA ALKAWARI DA WULAƘANTA MAMATA DA TASHAR KILAU TUJUH TA YI, DA NEMAN A ƘWACE LASISINTA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ni mai suna a sama, ɗan ƙasa mai biyan haraji, wanda ya yi aikin koyarwa har kansa ya yi furfura, ina gabatar da ƙorafina a kan tashar talabijin ta kasuwanci mai suna Kilau Tujuh, da kuma daraktanta, Andi Ferdi Pallawa. Na jinkirta wannan takarda har sai da muka yi addu'ar arba'in ta ɗana, domin kada a ce zafin rashi ne ya riƙe mini alƙalami. Arba'in ta wuce, ranka ya daɗe. Abin da ke zuciyata bai huce ba, daskarewa ya yi.

1. Kamar yadda Hukuma ta sani, gundumarmu tana da Tashar Jama'a ta Lamboa, wadda ake tafiyar da ita da kuɗin haraji. Ba zan yi mata kwalliyar da ba ta da ita ba. Hotonta yana rawa, kujerun ɗakin shirinta sun tsufa, kuma rabin labaranta na manya ne suna yanka ƙyalle. Amma kullum bayan azahar, wata ma'aikaciyarta, Ibu Marwiah, takan karanta hasashen yanayin teku da harshenmu, a hankali, sau biyu. Masunta sukan taru a rumfar kofi ta bakin gaɓa su saurara kafin su kwance jiragensu. Idan ta ce teku ba ta shiguwa, babu mai fita. A kan haka muka taso, a kan haka muka tarbiyyantar da 'ya'yanmu.

2. A ranar Asabar, 9 ga Satumba, 2023, tashar Kilau Tujuh ta shirya muhawara a kan ko ya dace a ci gaba da kashe wa Tashar Jama'a kuɗi. Ƙungiyar masunta ta wakilta ni. Abokin karawata shi ne Andi Ferdi da kansa, wanda ya zauna a ajina yana yaro, ni na koya masa riƙe fensir. Ya sumbaci hannuna a gaban kyamara, ya kira ni malaminsa. Hujjarsa ita ce: babu mai kallon Tashar Jama'a, zalunci ne a karɓi harajin talaka a ciyar da gidan da ya mutu, kasuwa ta fi gwamnati sanin abin da mutane ke so, kuma yanzu kowa yana da waya a aljihu. Na amsa masa da cewa wayar ba ta kamawa a tsibiranmu na waje sai an hau tudun maƙabarta. Na ce tashar kasuwanci tana magana ne da wanda ke da abin saye, tashar jama'a kuwa tana magana da duk wanda ke da rai. Na ce mai tallar man bilicin ba zai biya kuɗi don a gaya wa masunci ya zauna a gida ba. Mutanen da ke ɗakin sun tafa mini. Shaidu suna nan da ransu.

3. Da aka nuna shirin a mako na gaba, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi. Abin da aka bari shi ne lokacin da haƙorana na roba suka zame ina tsakiyar magana, na sa hannu na mayar da su. An maimaita wurin sau da dama, an ɗora masa kiɗan ganga da dariyar da ba a yi ta a ɗakin ba. Aka rubuta a ƙasa: "Tashar Jama'a da masoyanta." Yaran da na koyar da iyayensu suka riƙa kwaikwayona a hanyar masallaci. Na kira shi a waya, ya ce: "Haba Malam, ai raha ce kawai. Ka ga yanzu duk lardi an san ka." Ba don wannan na rubuto ba. Tsoho ya saba haɗiye abin da ya fi haka ɗaci. Na kawo shi ne domin Hukuma ta ga yadda aka ci muhawarar.

4. A watan Oktoba majalisar gunduma ta janye kuɗin Tashar Jama'a, kuma wasu 'yan majalisar sun kafa hujja da wancan shiri. Ranar 1 ga Nuwamba aka rufe ta, aka ba Kilau Tujuh hayar dogon ƙarfen watsa shirinta da layinta. A zaman majalisar, a bainar jama'a, Andi Ferdi ya dafa ƙirji ya yi alkawarin cewa hasashen yanayi ba zai yanke ba ko na rana ɗaya, kuma da wannan sharaɗi Hukumarku ta faɗaɗa masa lasisi. Abin da ya cika shi ne wani siririn rubutu da ke gudu a ƙasan allo, da harshen gwamnati, wanda tsofaffinmu ba sa iya karantawa, matasan ma ba sa cim masa. Kafin ƙarshen shekara shi ma ya ɓace, tallar taliya ta maye gurbinsa. Ibu Marwiah kuwa aka sallame ta, ta koma sayar da soyayyar ayaba a ƙofar kasuwa.

5. A ranar Lahadi, 14 ga Janairu, 2024, ofishin kula da yanayi ya fitar da gargaɗin iska mai ƙarfi da manyan igiyoyi tun kafin azahar, ya aika wa duk tashoshin lardin. Tashoshin babban birni sun karanta shi, sai dai ba ma kama su a nan. Tasha ɗaya ce take isa rumfar kofinmu, wato Kilau Tujuh, ita kuwa a ranar tana nuna zagayen ƙarshe na gasar waƙa, ba ta katse ba. Sama tana wasai. Jiragen unguwarmu suka fita da la'asar kamar kullum.

Wani tsohon abokin aikin Ibu Marwiah ya kira ta ya gaya mata. Ta bar kaskonta a kan wuta, ta hau babur ɗin haya zuwa gaɓa, mace mai jikoki, ta tsaya a ƙarshen gadar katako tana ɗaga mayafinta tana ihu da muryar nan da duk muka sani. Jirage biyu da ba su yi nisa ba suka juyo. Sauran sun riga sun zama ɗigo.

Jirage uku ba su dawo ba. Mutum bakwai muka rasa. Cikinsu akwai ɗana Sahabuddin, wanda ya bar mata da ciki da yarinya 'yar shekara huɗu. An tsinci biyar. Sahabuddin ba ya cikin waɗanda aka tsinta. Sallar gawa muka yi masa babu gawa.

6. Kwana biyu bayan haka, motar Kilau Tujuh ta sauka daga jirgin fito. Tashar da ba ta da minti ɗaya na ceton rayukansu ta samu yini guda na ɗaukar hoton gawarwakinsu. Suka shiga gidan ɗana ba sallama, suka kafa fitila a fuskar surukata Hasniati tana zaune a tabarmar makoki. Mai gabatarwar ta ce mata: "Yi haƙuri 'yar'uwa, ɗan sake rungumar rigarsa, ba mu kama da kyau ba." Na ji da kunnena. Na kore su, amma sun riga sun samu abin da suka zo nema. Aka nuna kukan Hasniati da kiɗan tausayi a ƙarƙashinsa, aka yanke shi a tsakiya aka saka tallar man bilicin, aka dawo aka ƙarasa. A cikin shirin nan Andi Ferdi ya bayyana da baƙar riga, yana girgiza kai, yana cewa ya kamata a wayar wa masunta da kai game da haɗarin teku. Ya aiko mana da buhunan shinkafa masu ɗauke da tambarin tasharsa. Suna nan a ajiye a ofishin ƙungiya, ba wanda ya kwance bakinsu. Yana iya aikowa a ɗauka.

7. Ranka ya daɗe, ban zo in ce a hana mutane kallon waƙa ba. Ni ma jikata tana rawa idan ta ji. Muhawarar da aka hana ni kammalawa ita nake kammalawa a nan: an ce Tashar Jama'a tana da tsada, an rufe ta, yanzu mun ga farashin rashinta, kuma ba waɗanda suka yi lissafin ne suka biya ba.

Limaminmu ya zaunar da ni ya yi mini nasiha a kan yafiya da ƙaddara. Na saurare shi da ladabi. Na yarda ajali na Allah ne, teku ma baiwarsa ce. Amma alkawari na ɗan Adam ne, kuma wanda ya ɗauke shi yana nan yana shan iska a mota mai sanyi. Ban yafe ba. Ba zan ɓoye wa Hukuma ba, ina son in ga mutumin nan ya faɗi, kuma ina roƙon Allah ya ara mini kwanan da zan gani da idona.

Saboda haka nake roƙon wannan Hukuma mai adalci, cikin ƙanƙan da kai:

(a) Ta ƙwace lasisin Kilau Tujuh a gundumar Lamboa saboda saɓa sharaɗin da aka ba ta shi a kai, ƙwacewa ta har abada, ba tara ba. Tara a wurinsa kuɗin tallar rabin yini ne.

(b) Kafin a kashe tashar, a tilasta wa Andi Ferdi Pallawa ya zo gadar katakonmu da ƙafarsa, ya tsaya a gaban matan da suka zama zawarawa, ya karanta sunayen mutum bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi da bakinsa cewa gargaɗin ya iso masa bai watsa ba. A nuna wannan kai tsaye a lokacin gasar waƙarsa, ba kiɗa, ba talla, ba yanka.

(c) A haramta masa riƙe kowace kafar watsa labarai a lardin nan, ko da sunansa, ko da sunan matarsa, ko na wani ɗan'uwansa.

(d) A hana sake nuna hoton Hasniati, a kuma karɓo cikakken faifan muhawarar 9 ga Satumba wanda ba a taɓa ba, a nuna wa 'yan majalisar da suka kaɗa ƙuri'a.

(e) A ba majalisar gunduma shawarar sake buɗe Tashar Jama'a, a mayar da Ibu Marwiah kan kujerarta kafin damina mai zuwa.

Iyalan mamatan duka sun ji abin da ke cikin wannan takarda, sun kuma amince, a shirye suke su ba da shaida duk ranar da aka kira su. Idan Hukuma ta ga ba ta da hurumi, ina roƙon a sanar da ni a rubuce, domin in san ƙofar da zan ƙwanƙwasa gaba. Na yi ritaya, ranka ya daɗe. Ba ni da aji, ba ni da ɗan da zan jira a bakin gaɓa. Lokacina duka na Andi Ferdi ne.

Ina neman afuwa idan harshena ya zarce a wani wuri. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya yi masa jagora wajen tsayar da gaskiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Mappiasse Daeng Sikki,
Mahaifin marigayi Sahabuddin,
A madadin iyalai bakwai na Unguwar Masunta.