Ciwon Bayan da Ba na Baya Ba

Malama, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina.

Ni kafinta ne. Iyakata sakandare, da zarton aro na fara, yau mutum tara ke aiki a ƙarƙashina. Ban taɓa kai kuka wurin kowa ba. Amma shekara goma sha huɗu da suka wuce na yi wata bakwai ban taɓa katako ba. Kowa ya ɗauka ciwon baya ne. Daga ni sai maiɗakina da likita muka san ciwon damuwa ne, har magani na sha.

Yanzu babbar 'yata tana aiki da masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta zo shago da takardar tambayoyinsu, wai za ta gwada a kaina. Tambaya ta farko, ko mutum yana yawan baƙin ciki. Sai bakina ya suɓuce. Na ce namiji ba zai amsa wannan ba, a tambaye shi ko ya taɓa auna katako sau biyar lambar ta ƙi zama a kansa, ko ya kulle shago ta ciki yana kallon gwangwanin ƙusa har yamma. Ta daina rubutu, ta zuba min ido.

Sai ta bar min wata takarda a kan benci: suna neman waɗanda suka taɓa ciwon su zauna da su, su gyara musu binciken, maza kuwa sun ƙi zuwa. Kwana goma ke nan na danne ta da guduma. Na kasa yagawa, na kasa cikawa. Yarinyar nan da ni take alfahari, uban da bai taɓa durƙushewa ba. In ta sani, da wane ido za ta kalle ni?

Kafinta

Malam Kafinta, sannu da ɗawainiya.

Magana biyu ka haɗa, raba su. Zama da masu binciken ba dole ba ne, sirrinka naka ne. In ranka ya kwanta, fara ganin shugabansu, ka tambayi wa zai ga sunanka, kuma ko za ka iya janyewa duk ranar da ka so. Lallai suna bukatarka, don abin da ka gyara a tsaye, su da karatunsu ba su hango ba. In zancen ya tayar maka da tsohon ciwo, koma wurin likitanka.

Batun 'yarka kuwa, ina jin ta riga ta gane, kuma abin da ta gani bai sa ta guje ka ba. Ta gan ka gwani ne, ta bar maka gayyata, ta yi shiru don ta bar maka girmanka. Ka shawarci maiɗakinka, sannan ka ɗaga gudumar nan, ka kira yarinyar, ka ce ta zo da sauran tambayoyin.

Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa zuri'a albarka.