Sunan Ɗan Maigari

Yamai, 4 ga Mayu, 1964

Baba,

Gaisuwa da ladabi. Ina Inna da mutanen Falanko? Ni lafiya lau, abinci ne kawai ba ya shiga.

Kun tuna da aka zo ɗibar yara zuwa lakwal, makarantar boko, kuka ba da ni maimakon Manzo ɗan Maigari, aka rubuta ni da sunansa? To, darektan makarantar malamai ya gano. In Maigari bai je gaban alƙalin Tanut ya shaida sunana na gaskiya ba kafin jarrabawa, korata za a yi.

Don girman Allah, Baba, ku roƙe shi. Jiya a gwajin koyarwa na koya wa yara cewa kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin sunansa. Da suka tambayi nawa, sai na rasa wanda zan faɗa.

Ɗanku,
Ɗan Azumi