Kyandir ɗin Kaka Eduvigis

Zuwa ga ƙanwata Ninfa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da mijinki Graham da yara. Allah ya sa sanyin Kanada bai takura muku ba. Mu nan tsibirin Quehui lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Kawu Baldomero ya haƙe dankalinsa, yana ta cika baki wai bana har aladunsa sai sun yi tumbi.

Kin ce in fassara wa Graham da Turanci abin da Kaka Eduvigis ta faɗa ranar da na riƙe mata waya kuna gaisawa ta bidiyo, tunda shi ya ɗauka albarka ta sa masa. Ninfa, Turancin nake koyarwa, amma hannuna ya ƙi rubutawa. Cewa ta yi "ayudarte he a bien morir". Sifaniyancin mutanen da ne, ko a coci an daina jinsa. Ma'anarsa, za ta zo ta taya mutum ya mutu da kyau.

Kin bar gida kina ƙarama, ba ki san aikinta ba. Kafin tsufa ya rikita ta, ita ake kira in rai ya kusa fita, ta riƙa wa majinyaci kyandir tana addu'a. Yanzu ba ta jiran a kira ta. Bara ta faɗa wa Don Cipriano mai kwalekwale wannan maganar, yana garau, ya ce tsohuwa ta je ta taya kajinta, shi bai shirya ba. Washegari aka ga kyandir a ƙofarsa. Ba a jima ba teku ta ci shi.

Na yi ta neman yadda zan gaya miki, sai na tuna ba Graham take kallo ba. Idonta na kan ɗan hoton kusurwar waya, inda fuskata ta leƙo ta bayan kafaɗarta. Jiya da na dawo daga makaranta na tarar da kyandir a bakin ƙofar ɗakina. Tana zaune gefen murhu tana mini murmushi, ta ce in kwantar da hankalina, ba ta taɓa barin kowa ya tafi shi kaɗai ba. Wallahi tsoro nake ji.

Ki bar Graham a kan albarkarsa. Ki shafa mini kan Lucila da Tobías. Inna Rosenda tana gaishe ki. In za ki zo, don Allah kada ki jira Kirsimeti.

Yayarki mai kewarki,
Herminia