Tsohuwa Ta Buga Inji

Litinin, 6 ga Mayu

Tsohuwa ta buga inji. Shekara da shekaru ina tuƙa babbar motar nan, yau ta mace mini a tsakiyar hawan da ke bayan gada, ɗauke da katakon mutane. Ba tari, ba gargaɗi. Ina cikin tafiya sai na ji sitiyari ya yi wata irin rawa a tafin hannuna, ƙarfi ya zare, sai hayaƙi. Shi ke nan.

Mai katakon na zaune kusa da ni, ya yi tsuru-tsuru. A bakin titi muka yini kafin a samo wata motar a juye kayan, sannan janwe ya ja mu zuwa gareji. Ta gaban tasha aka bi da ni, kowa na kallo.

Na gaji. Ko takalmi da ƙyar na cire.

Talata, 7 ga Mayu

Ban je gareji ba. Ba na son ganinta.

Laraba, 8 ga Mayu

Ba lalacewar ce ke cina ba, ƙarfe ne, dole wata rana ya gaji. Shirun da ta yi mini ne.

A tasha Mai Kunne suke kirana. Duk wanda zai sayi mota ta hannu sai ya zo ya ɗauke ni, in tsaya gaban inji in rufe ido, in ce saya ko kar ka saya. Ban taɓa jefa kowa a rami ba. Agogon baƙin mai na Tsohuwa ya mutu tun 'yata Auta na goye, na zafi ya bi bayansa, ban gyara ko ɗaya ba. Makanike ya yi mita har ya gaji. Nakan ce masa marar kunne ne ke zura wa allura ido. Ita kuma ba ta taɓa ɓoye mini ciwo ba. Ko bel ne ya saki, sai ta faɗa mini tun kafin mu fita daga gari.

Yanzu kuwa ta mutu kamar ba mu san juna ba.

Na ce wa mai ɗakina sayar da ita zan yi, in huta. Ta ce wani abu tana kallon tukunya. Matar nan ta koyi wata sabuwar ɗabi'a ta magana cikin haƙora. Na ce ki buɗe baki mana. Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Cewa na yi abincinka na hucewa."

Juma'a, 10 ga Mayu

Na daure na je. Makanike ya sauke injin, ya kwance shi gunduwa-gunduwa a kan tsohuwar tamfol. Ban so ganin haka ba. Tsohuwa na tsaye a gefe, gabanta a wangale.

Famfon baƙin mai ne ya gaza, in ji shi. Ya ce hanya biyu ce. Jikin injin bai tsage ba, zai gyaru, amma sai an nemo kaya daga nesa kuma sai na yi zaman makonni. Ko kuma in sallama ta yadda take, in ƙara abin da na tara in ɗauko wata mai sauran ƙuruciya. Na ce ta biyun. Motar da za ta kashe kanta ba ta ce uffan ba, me zan yi da ita?

Ya yi ta goge hannu da tsumma, hannun da ba ya goguwa. Sai ya ɗauko wani ɗan ƙarfe da ya ƙone ya yi shuɗi, ya sa mini a tafi.

"Yaya, injin nan ya daɗe yana kuka kafin ya mutu."

Na ce ni za ka koya wa kukan inji? Tun kana da gashi a kai nake kawo maka motar nan. Ya ce haka ne. Ya koma ƙarƙashin wata motar.

Ƙarfen na aljihuna har yanzu, ban san me ya sa na taho da shi ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Kowa ya koma magana ƙasa-ƙasa. Har rediyo ta lalace.

Litinin, 13 ga Mayu

Zaman gida ba nawa ba ne. Na gyara ƙofar banɗaki, na gyara kujerar da ba ta lalace ba, mai ɗakina ta kore ni daga kicin. Da yamma dillali ya zo da bakinsa mai zaƙi. Wai akwai wata fara a filin sayar da motoci, gabanta duk fitilu, ko mai ya yi ƙasa sai ta kunna maka ja. Na ce wato motar makafin kunne. Ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai.

Auta ta ce ranar Asabar ba ta koyarwa, za ta kai ni a 'yar motarta.

Laraba, 15 ga Mayu

Mai katako ya zo yi mini jaje. Mutumin kirki ne, amma da bai zo ba.

Muna shan shayi ya ce, "Wallahi tun daga gidan man nan nake jin ana ƙwanƙwasa a ƙarƙashin ƙafata. Na ga kai ko a jikinka, sai na ce wane ni in gaya wa Mai Kunne."

Na ce ai katakonka ne ke motsi. Ya ce to, ƙila. Muka yi dariya.

Daga gidan man zuwa gada tafiya ce mai tsawo. Na san hanyar kamar tsakar gidana.

Asabar, 18 ga Mayu

Zan rubuta yadda aka yi, in rufe, kar in sake tunawa.

Mun je filin. Farar motar ba laifi, tayoyi da sauran ƙarfinsu, kujera ba ta huje ba. Da aka ji wai Mai Kunne ya zo, sai direbobi suka fara matsowa, har da waɗanda ban sani ba. Dillali ya hau ya tayar da ita. Na tsaya inda na saba tsayawa, na rufe ido.

Na ji inji. Ba zan ce ban ji ba. Amma kamar a ɗakin maƙwabci ake tayar da shi, gurnani kawai, ba gaɓoɓi. A da ina rarrabe kowace murya a ciki. Na jira su fito, ba su fito ba, mutane kuma na jira. Sai na buɗe ido na ce lafiyarta ƙalau.

Auta ta ja hannun rigata muka koma gefe. Ta daidaita fuskarta da tawa ta ce, "Baba, wannan ƙyas-ƙyas ɗin fa, kamar ana buga cokali a kofi? Haka suke yi?"

Yarinyar da ko taya ba ta taɓa canzawa ba.

Na koma na cusa kai. Babu. Na juya ɗaya kunnen, wanda ba ya wajen taga in ina tuƙi. Kamar akwai wani abu can nesa, kamar kuma zuciyata ce ke ƙirƙira. Na ɗago na kalli dillali, ya yi sauri ya kau da kai yana gyara madubi. A fuskarsa na ji ƙarar.

Na ce zan yi shawara. A hanya sai da muka tsaya a danja, sannan Auta ta juyo gaba ɗaya ta ce in sha ruwa. A nan na lura. Ba ta yi mini magana sai ta juyo. Uwarta ma haka. Makanike ma haka.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ban fita ba.

Talata, 21 ga Mayu

Mai ɗakina tana ninke wanki na tambaye ta. Na ce tun yaushe? Ba ta ce tun yaushe me ba. Ta ajiye rigar ta zauna a gabana.

Wai tun kafin Auta ta haifi na farinta. Sun faɗa mini, ita da yaran, na ce su ne ba sa buɗe baki. Daga baya suka bari. Na ce shi ya sa kika daina yi mini hira? Ta ce, "Baban Auta, akwai maganar da ba a yin ta da ihu. Katangarmu gajera ce."

Na rasa inda zan sa idona.

Ta ce duk ranar da na fita da lodi, ba inji take tunani ba. Hon take tunani. Wanda za a yi mini daga baya a kan kwana. Na tuna direbobin da ke wuce ni suna ɗaga hannu suna kumfar baki, ni kuma ina cewa 'yan zamani ba su da tarbiyya.

In haka ne, ba mota ce za a canza ba. Wannan shi ne abin da ba na so in rubuta. Ban iya komai ba sai tuƙi, kuma ban shirya zama a ƙofar gida ina kallon masu wucewa ba.

Alhamis, 23 ga Mayu

Gareji. Na hau Tsohuwa na zauna, ba inji a cikinta. Kujerar ta lotsa daidai jikina, wani ba zai ji daɗinta ba. Agogunan nan biyu na kallona, allurarsu a kwance, ƙura ta rufe gilashin. Na sa yatsa na share.

Ina ciki masu sayen tsohon ƙarfe suka zo, dillali ne ya turo su. Ɗaya na bubbuga mata ƙofa da ƙafa. Na leƙo na ce ƙafarka. Ya ce ai an ce ta sayarwa ce. Na ce wanda ya faɗa maka ya sayar maka da tasa.

Da suka tafi na sauko na miƙa wa Makanike ɗan ƙarfensa. Na ce a gyara. Ya ce ka tabbata, Yaya? Na ce ita ta yi nata. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, shi ma bai nemi ƙari ba. Sai da na juya zan tafi ya zagayo gabana ya ce, "Agogunan fa?"

Na ce in kana da waɗanda ke tare maka wuri, ka sa.

Litinin, 27 ga Mayu

Asibitin kunne. Don Auta ta bar ni in sarara na je.

Suka sa ni a wani ɗan ɗaki, suka rufe mini kunnuwa da wani abu, wai in na ji ƙara in danna. Na zauna ina jira a fara. Ashe an daɗe da farawa.

Likita ta ce na wajen taga ya yi nisa, iska da inji sun cinye shi. Ɗayan za a taimaka masa da na'ura. Siraran sautuka ba za su dawo kamar da ba, kar in sa rai. Na tambayi tuƙi. Ta ce da na'ura, da rana, tafiya ba mai nisa ba, kuma in dawo ta sake dubawa. Na ce to. Auta ta rubuta, kamar ni ba zan tuna ba.

Alhamis, 6 ga Yuni

Kayan inji ba su iso ba. Kullum gobe.

Na'urar kuwa ta iso. Duniya ashe hayaniya ce da ita. Famfon tsakar gida na ɗiga, kuma wai ya fi shekara yana yi. Silifas ɗin mai ɗakina na da ƙara. Tana 'yar waƙa in tana wanke-wanke, ban san ko sabon abu ba ne, ban tambaya ba. Ta ce tsufa ya sa na yi ɗan kunne. Ina jawo hula in rufe shi in zan fita.

Kaina na ciwo da yamma. Na gaji da jira, na gaji da ji.

Talata, 11 ga Yuni

Wani direba ya zo in raka shi duba mota. Na ce ƙafata na ciwo, ya je wurin Makanike.

Asabar, 15 ga Yuni

An tayar da ita.

Ta yi tari, ta yi hayaƙi, sannan ta kama. Na sa hannu a jikin ƙofa, rawar nan tata ce, ba ta canza ba. Makanike ya karkata kai ya daɗe yana saurare. Sai ya ɗago ya dube ni yadda ya saba duk shekarun nan, ya ce, "Yaya ka ji ta?"

Ina jin mantawa ya yi. Na ga ya so ya haɗiye maganar.

Na ce kai za ka faɗa mini.

Ya sake saurarawa, ya ce ta yi. Na hau na zauna. Allurar baƙin mai ta tashi a hankali ta tsaya a tsakiya. Ba ta da kyan gani, sabon agogo a tsohon allo, amma ba ta tare mini komai ba. Na ɗan jima ina kallonta.

Jibi akwai lodi, nan kusa ne, kafin la'asar mun dawo. Na ce wa mai katako ya zauna a gaba kamar wancan karon. In ya ji wani abu, ya taɓa kafaɗata.