Neman Baba a Hanyar Gabas

Ikko, Maris 1962

Zuwa ga Yaya Ummuhani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya maigidan da yara, yaya mutanen Makarfi? Da ajami na rubuto don ki karanta da kanki.

An raba mana wuraren aiki, mu da muka karanto hulɗar ƙasashe a Ingila. Wasu sun tafi koyarwa, wani ya shiga jarida, sauran kamar su cinye juna a kan ofishin jakadanci na Landan. Ni Hartum na roƙa, teburin alhazan da ke tafiya ta ƙasa. Har dariya aka yi mini, wai na yi asarar karatu. Su yi ta yi. Ina goye Baba ya bar Paki da ƙafa zai tafi Makka, har yau Inna ba ta san ko tana da miji ba. In yana raye, ni zan kawo mata shi.

Ƙaninki, Ashafa.

Hartum, Nuwamba 1962

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, yaya kaka? Allah ya sa dawa ta yi kyau.

Na same shi. Aikin nan ba shi aka koya mana ba. Mutanenmu ne cike da gonakin auduga, sun tsufa suna tara guzurin ƙetare teku, yanzu kuma ba a ƙetarewa sai da fasfo da shaidar likita, ni ke buga hatimi. A wani ƙauyen Hausawa aka ce mini akwai wani Maiwada na Paki, sunan Baba ke nan. Na tarar da tsoho a rumfa yana tufka igiya, goshinki sak. Bai ƙara aure ba. Ya tambayi Inna, ya tambaye ki, ya yi kuka, ni ma na yi.

Da ya ji aikina sai ya yi hamdala, wai hanya ta buɗe. Amma Yaya, tari yake har da jini, likita ya ƙi sa hannu. Na ce ya zo in kai shi gida, ya ce da wane ido zai shiga Paki bai ga Ka'aba ba. Raina ya ɓaci, na ce Inna ta fi mutanen Paki haƙƙi a kansa. Kada ki gaya mata tukuna, zan shawo kansa.

Ki gaida kowa. Ashafa.

Hartum, Afrilu 1963

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Baba ya yi ta zuwa ofis yana bin layi kamar kowa. Hatimin yana aljihun teburina. Da na buga ba wanda zai bincika, na ga an buga wa waɗanda suka fi shi ciwo. Na hana, kuma ba tsoron aiki ba ne. Na ƙudurta in ya ga hanya ta toshe dole ya biyo ni gida. Zuwansa na ƙarshe ya daɗe yana kallona, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Ashafa." Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ashe bakin teku ya nufa, wurin masu jiragen da ke ƙetarar da mutane a ɓoye. Jirgin ya kife. Aka nemi ofishinmu ya zo ya gane gawarwakin mutanenmu, ni aka tura don aikina ne. Na gane shi. Da hannuna na yi masa wanka, muka binne shi a wannan gaɓar.

Sanarwar hukuma za ta biyo ta Zariya zuwa Ikara da sa hannuna a kai. Don Allah ki riga ta isa Paki, kada Inna ta ji a bakin ɗan doka. Ki gaya mata ya tambaye ta, ki ce ta shiga takaba. Maganar hatimi kuwa ki bar mini, ni zan faɗa mata da bakina.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Ƙaninki, Ashafa.