Saƙon da Zan Aika wa Ummaru

Daren Talata, watan Sha'aban, 1959

Yau bayan La'asar Malam Buhari ya tare ni a Ƙofar Kware yana murna. Wai dokar da za a shiga mulkin kai da ita ba ta soke bulalar mashayi ba, in dai Musulmi ne.

"Ka gani, Malam? Ba su ƙwace muna duka ba."

Na ce mishi, "Hala ɗiyanka duk suna gida." Ya yi mini sallama ya wuce.

Na karanta hukuncin nan, na karantar da shi, ban musa ba. Amma Ummaru ɗana ne. Ranar da anka yi mishi bulala, mai dukan na matse da kuɗin wuri a hammata don kada hannunsa ya ɗaga. Ko tabo bai fito ba. Idon mutanen kasuwa ne ya kore shi har Kumasi. Da an bar mini shi a zaurena, wataƙila da ya tuba kusa da ni.

Na so in aika mishi cewa zamani ya sake, ya komo gida. Fatake na tashi jibi. Yanzu ba ni da abin da za su gaya mishi, sai dai idon uwarsa ya fara dushewa.